Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga editoci da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyon Hausa game da Ranar Masoya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da yi muku sannu da aiki.

Mun rubuto muku tun Fabrairu bai kama ba, don mun san kafin goma ga wata an riga an tsara shirin ranar 14. Kowace shekara salon guda ne. A gayyato malami ɗaya da matashi ɗaya, mai gabatarwa ya karanto "tarihin Balantayin" daga wayarsa, a buɗe layi, masu sauraro su rabu gida biyu, lokaci ya ƙare. Abin da ya dame mu shi ne tarihin nan da ake karantowa, na masu yabon ranar da na masu sukarta, yawancinsa ƙage ne. Ku kuma kun fi kowa sanin nauyin rediyo a ƙasar Hausa: abin da ya fita daga bakinku da safe, da yamma yana majalisa, ranar Juma'a yana kan mumbari, kuma hujjar mai faɗa ita ce "a rediyo na ji". Shi ya sa muka ga ya wajaba mu ajiye muku abin da ya tabbata.

Mu fara da mutumin. Littattafan cocin Katolika sun ambaci shahidai masu suna Balantayin fiye da ɗaya a ranar 14 ga Fabrairu. Biyu ne suka fi shahara: wani limamin coci a birnin Rum, da wani bishof na garin Terni a tsakiyar Italiya. Dukansu an ce an kashe su saboda addininsu, an kuma binne su a gefen hanyar Flaminia, wadda ta fita daga Rum ta yi arewa. Na Rum ɗin ana danganta kisansa da zamanin Sarki Claudius na Biyu, wanda ya yi mulki daga 268 zuwa 270. Labaran rayuwarsu sai bayan shekara ɗari biyu ko fiye aka rubuta su, kuma sun yi kama da juna har wasu masana na ganin mutum ɗaya ne aka raba gida biyu. A tsofaffin labaran nan, abin da aka ce limamin ya yi shi ne ya warkar da makauniyar 'yar wani jami'in da aka ba tsaronsa, gidan duka suka karɓi addininsa, sarki ya sa aka fille masa kai. Babu saurayi, babu budurwa, babu fure.

To ina labarin da kuka fi so, cewa sarki ya hana sojoji aure, Balantayin yana ɗaura musu a ɓoye, kuma daren da za a kashe shi ya rubuta wa 'yar mai gadin kurkuku wasiƙa ya sa hannu da "daga Balantayin ɗinki"? Wannan ƙari ne da aka yi daga baya can. Gaskiya ne an taɓa hana ƙananan sojojin Rum yin aure bisa doka tun zamanin Sarki Augustus, amma Sarki Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, ya sassauta hanin wajen shekara ta 197, kimanin shekara saba'in kafin Claudius ya hau gado. Shi kuwa Claudius ɗan mulkinsa na ƙasa da shekara biyu a fagen yaƙi ya ƙare, annoba ta kashe shi a 270. Cocin ma da kanta, da ta sake tsara kalandarta a 1969, ta cire bikin Balantayin daga jerin bukukuwan da ake yi a ko'ina, saboda ƙarancin abin da aka tabbatar game da shi. Sunansa na nan cikin jerin shahidai, amma ranar 14 ga Fabrairu a babbar kalandar ta waliyyai Cyril da Methodius ce.

Ku lura da shekarun nan, don suna kashe wata jita-jitar. Duk saƙon da aka turo muku yana haɗa mutumin nan da yaƙar Musulunci ko faɗuwar Andalus, ku yi lissafi: ya mutu kimanin shekara ɗari uku kafin haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Granada kuma, birnin ƙarshe da ya rage a hannun Musulmin Andalus, ta faɗi ne ranar 2 ga Janairu 1492.

Masu suka kuma nasu labarin shi ne wai ranar ta samo asali ne daga wani tsohon bikin Rumawa mai suna Lupercalia, wai Fafaroma Gelasius ne ya maye gurbinsa da bikin Balantayin. Bikin ya wanzu, ba ƙarya ba ne. Ranar 15 ga Fabrairu Rumawa ke yin sa: a yanka awaki da kare a bakin wani kogo a gindin tudun Palatine, a yanyanka fatar awakin zuwa tsumagu, samari su riƙa gudu cikin gari suna tsula wa mata, matan na miƙo hannu da imanin za su sami haihuwa. Bikin tsarki ne da neman haihuwa irin na maguzancin Rum, kuma sunan watan Fabrairu ma daga kalmarsu ta tsarkakewa ya fito. Fafaroma Gelasius na Ɗaya, wanda ya riƙe muƙamin daga 492 zuwa 496, ya rubuta doguwar takarda yana sukar bikin. Takardar tana nan, kuma ko sau ɗaya bai ambaci Balantayin a cikinta ba. Maganar cewa a Lupercalia ana zuba sunayen 'yan mata a tukunya samari su zaro, ba ta cikin rubutun Rumawan da suka ga bikin da idonsu. Zaren sunaye al'adar Ingila ce da aka sani a ƙarni na 17, sai marubutan ƙarni na 18 suka jingina ta ga Rum don su samar mata asali. Jack Oruch, malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, ya bi diddigin zancen a wani nazari da ya buga a 1981, bai sami wata alaƙa tsakanin Balantayin da soyayya ba kafin ƙarshen ƙarni na 14. Wato kusan shekara ɗari tara tsakanin Gelasius da farkon zancen soyayya, babu abin da ya haɗa su.

Ba muna cewa malami ya canza fatawarsa ba ne. Malamin da ya ce Musulmi ba shi da idi sai biyu, ko ya yi gargaɗi kan keɓancewar saurayi da budurwa, hujjarsa daga addini take, tana tsaye da ƙafarta ba sai an tokare ta da tukunyar da ba a taɓa yi ba. Illar ita ce yaron da ke sauraro yana da waya a hannu. Ranar da ya gano labarin tukunya ƙage ne, sai ya haɗa da nasihar ya watsar. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Idan ana neman abin maguzanci na hakika a bikin yau, ga shi nan a kan katuna: jaririn nan mai fukafukai da kwari da baka, Cupid ne, abin bautar Rumawa na sha'awa. Wannan kam a faɗe shi, don haka yake. Ku tuna kuma cikin masu sauraronku akwai Hausawa Kirista, waɗanda a wurinsu mutumin shahidi ne, kuma ba su yarda da abin da ake yi da sunansa a otal-otal ba. A 2018 da 2024 ma ranar ta faɗo daidai da Larabar Toka, ranar da Katolika ke fara azuminsu.

Soyayya ta shigo ne ta ƙofar waƙa. Wajen 1380 zuwa 1382 mawaƙin Ingila Geoffrey Chaucer ya rubuta waƙa kan taron tsuntsaye, inda ya ce ranar Waliyyi Balantayin ce kowane tsuntsu ke zuwa ya zaɓi abokin zamansa. Mawaƙan fada a Ingila da Faransa suka ɗauka, 'ya'yan sarauta suka mai da ita ranar aika baitoci. Tsohuwar wasiƙar Balantayin da ta rage cikin Ingilishi ita ce wadda wata budurwa mai suna Margery Brews ta aika wa John Paston a Fabrairun 1477, tana ajiye a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan. Muna roƙon ku karanta wa masu sauraro abin da ke cikinta, don zai ba su mamaki. Maganar aure ce da dukiya. A al'adarsu uban amarya ke bayar da dukiya, dangin ango sun ce abin da aka sa ya yi kaɗan. Yarinyar ta rubuta cewa mahaifiyarta ta yi iya ƙoƙarinta wurin mahaifinta amma ya ƙi ƙarawa, tana roƙon saurayin kada ya bar ta saboda haka in har yana son ta. Iyaye sun san da maganar, uwar ce ma ta gayyato shi gidan a daidaita. A shekarar aka ɗaura auren. Duk wanda ya taɓa zama a tsakiyar cinikin lefe da kayan ɗaki zai gane wannan wasiƙa ba sai an yi masa fassara ba.

Daga nan kuma kasuwa ce ta karɓa. Kafin 1840, a Birtaniya wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biyan kuɗin gidan waya, gwargwadon nisa da yawan takardu. A shekarar aka fito da kan sarki na kwabo ɗaya wanda mai aikawa ke biya, sai aika kati ya zama abu mai arha, kuma ana iya aikawa ba suna. Har katunan zagi aka riƙa bugawa ana tura wa wanda aka tsana. A Amurka wata mata, Esther Howland ta garin Worcester, ta fara haɗa katuna masu ado da leshin takarda a ƙarshen shekarun 1840, ta ɗauki mata aiki kowace da ɓangaren da take liƙawa. Kamfanin Cadbury ya shigo da akwatunan cakulan masu ado a shekarun 1860, kamfanin da ya zama Hallmark kuma ya fara sayar da katunan ranar a 1913.

Hujja mafi ƙarfi cewa 'yan kasuwa ne suka ƙera bikin na yau ita ce yadda yake sauya kama daga ƙasa zuwa ƙasa. A Japan mata ne ke ba maza cakulan, har da na dole da ake ba abokan aiki, sai masu yin alewa suka ƙirƙiro Farar Rana, 14 ga Maris, a ƙarshen shekarun 1970, don maza su rama. A Burazil ranar masoya 12 ga Yuni ce, wani mai tallace-tallace a Sao Paulo ya kafa ta a ƙarshen shekarun 1940 saboda kasuwa kan yi sanyi a watan. A Finland ranar abokai ce. Maƙwabtanmu na Gana, waɗanda suka shahara a noman koko a duniya, suna bikin 14 ga Fabrairu a matsayin Ranar Cakulan ta Ƙasa, don a sayi na gida. Ku kira 'yan'uwa a zangon Kumasi ko Nima su ba ku labari da bakinsu. Wasu ƙasashen kuma hanawa suka yi: wata babbar kotu a Islamabad ta hana bikin a bainar jama'a a 2017.

Furen wardin nan ja da ake ɗauka a hoto ma yana da labarin da ya cancanci shiri guda. Kaso mai yawa na wanda ake sayarwa a Turai daga gonakin gefen tafkin Naivasha a Kenya yake fitowa, da wasu daga Habasha, ya bi ta kasuwar gwanjon Aalsmeer a Holan. Na Amurka daga Kolombiya da Ekwado yake sauka a Miami. Don furanni su buɗe lokaci guda, manoma na datse kan itacen tun mako shida zuwa takwas kafin ranar, wato suna sadaukar da wani ɓangare na girbin Janairu. Wannan asara, da kuma tsadar wuri a jirgin ɗaukar kaya a makon, su ke sa farashi ya yi tsalle. Ana yanke furen yana ƙunshe, a riƙe shi cikin sanyin digiri 2 zuwa 4 daga gona har shago. Inda sanyin ya yanke, ko da na 'yan awoyi ne a filin jirgi, raɓa kan kwanta a kan furen, fumfuna mai ruwan toka ta kama shi. Wanda ya sayi na Jos ko na waje a Kano ko Zinder cikin busasshiyar iskar ƙarshen hunturu, zai ga wuyan furen ya langaɓe washegari, domin iska ta shiga karan ta toshe hanyar ruwa. Maganinsa a datse gindin karan kamar santimita biyu zuwa uku a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse, a sa cikin ruwa mai tsabta da ƙaramin cokalin sukari da ɗigo biyu-uku na bilic a lita guda, a canza ruwan bayan kwana biyu, a nisanta shi da rana da kuma ayaba ko mangwaro, don iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa idan suna nuna tana tsufar da fure. Cakulan kuma man da ke cikinsa na narkewa ne da zarar zafi ya haura digiri talatin. Farin da ake gani a kansa bayan ya sake daskarewa man ne ya taso, ba lalacewa ba ce.

Yanzu ga abin da muke ganin ya fi tarihi gaggawa, wanda kuma da wuya mu ji shi a shirye-shiryenku.

Na farko, damin furen da ake naɗawa da takardun naira. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira dubu hamsin ba, ko duka biyun. A Fabrairun 2023 bankin ya fito fili ya lissafa wannan dami cikin nau'o'in wulaƙancin, tare da liƙi da tattaka kuɗi. Yawancin masu naɗawa da masu saye ba su sani ba, kuma su da kansu ke ɗora hoton shaida a Instagram da TikTok.

Sai 'yan damfara, waɗanda wannan mako kakarsu ce. Salon bai cika canzawa ba. Wani ya yi makonni yana hira da mace a Facebook ko WhatsApp, ya ce yana ƙasar waje, ya turo hoton akwati cike da kyauta. Washegari wani ya kira a matsayin ma'aikacin kamfanin aike ko na kwastan, ya ce kaya sun iso sai an biya kuɗin fito. In an biya sai wani kuɗin ya ɓullo. Wani salon kuma saƙo ne na "kyautar data ta Ranar Masoya" ɗauke da mahaɗin da ke neman lambar BVN ko lambar sirrin da banki ke turowa. Ku faɗa wa mutane da baƙar magana: babu kyautar da mai karɓa ke biya wa kuɗi a asusun wani mutum, kuma babu bankin da ke tambayar lambar sirri ta waya. Wanda ya riga ya bayar, ya kira bankinsa nan take a rufe katin da asusun, tun kafin ya tsaya jin kunya, don a mintunan farko ake kwashe kuɗin.

Mafi muni shi ne hoto. A lallaɓi yarinya, ko yaro, ta turo hoton tsiraici a matsayin "kyautar ranar", sannan a juya a ce ko kuɗi ko a watsa wa danginta. Biya ba ya kashe maganar, ƙara buɗe baki yake yi. Abin yi shi ne kada a biya, kada a goge saƙonnin, a ɗauki hoton allon da ke nuna lambar da sunan asusun da lambar bankin da aka ce a tura kuɗi, a gaya wa babba guda da aka amince da shi, a kai ƙara ga 'yan sanda, waɗanda ke da cibiya ta musamman kan laifukan intanet. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan irin wannan barazana. Ku yi magana da iyaye ma, domin tsoron dukan gida shi ne jarin mai barazanar.

Akwai kuma wadda za a gayyata cin abinci a zuba mata ƙwayar sa barci a lemo. Idan fyaɗe ya auku, sa'o'i ake ƙirgawa. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ana shan sa kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma a kwanakin farko yake da tasiri. A je asibiti kafin a yi wanka in da hali, a naɗe tufafin cikin takarda ba leda ba, domin leda na riƙe danshi ta lalata shaida. Gwajin HIV na washegari ba ya nuna abin da ya faru jiya, sai an maimaita shi bayan makonni kamar yadda likita zai tsara, har zuwa wata uku. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, waɗanda aikinsu ke nan. Kowane gidan rediyo ya binciko ta kusa da shi, ya tabbatar da adireshinta, ya karanta shi sau biyu a hankali yadda mai sauraro zai iya rubutawa.

Game da tallan da kuke karɓa a makon, muna roƙon ku duba shi da idon da kuke duba tallan magani. Gidan da ya yi awa guda yana sukar ranar, sannan a hutun rabin lokaci ya sa tallan rangwamen ɗakin otal na daren, masu sauraro na lura.

Kada kuma a bar matasa da tunanin cewa sai da Turawa suka zo aka san furta so a ƙasar nan. Muna da zance a ƙofar gida da sanin iyaye, da toshi, da kayan na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da baiko. Ku kanku kun daɗe kuna ɗaukar saƙon masoya a filin zaɓi-sonka, inda mutum ke sayen kati ya rubuta sunan wadda yake so a gaisar, gari duka ya ji. Shiri kan yadda waɗannan al'adu suka sauya, da abin da tsadar lefe ke yi wa samarin da ke son aure da gaske, zai fi jan masu kira fiye da musun shekara-shekara kan wani limamin Rum.

Buƙatarmu a aikace ita ce a raba shirin awa guda gida uku. Minti goma sha biyar na farko a ba wa malamin tarihi daga jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa, a tura masa tambayoyin tun kwana uku kafin ranar. Na tsakiya a ba wa malaman addini su faɗi hukunci da hujjarsa daga littafinsu. Na ƙarshe a ba wa ma'aikaciyar lafiya da jami'in da ya san damfarar intanet, a buɗe layin saƙon tes wanda ba za a karanta suna ko lambar mai turowa ba, domin masu tambayar da ta fi muhimmanci ba za su kira da muryarsu ba. A sa shirin ranar 12 ko 13 ga wata, a maimaita ɓangaren lafiyar da safiyar 15, lokacin da awa 72 ɗin nan suka fara tafiya.

Wassalam.

Daga wasu malaman tarihi da ma'aikatan lafiya, masu sauraronku.